Genesis: wai Phil Collins ne ya lalata ta?

Sama da shekara 40 ke nan ana tuhumar Phil Collins da laifi ɗaya, wai shi ne ya karɓi Genesis, ƙungiyar kiɗa ta Ingila da take iya yin waƙa ɗaya tak mai minti 23, ya mayar da ita 'yar kasuwa mai waƙoƙin minti huɗu na rediyo. Ni kaina na daɗe ina faɗin haka duk da cewa ta hanyarsa na san su, don irinmu da muka taso ana jin muryarsa a kaset da rediyo ba mu ma san wai makaɗin ganga ne na wata ƙungiya ba sai daga baya. Da na zauna na bi faya-fayansu ɗaya bayan ɗaya ina duba shekara ina duba sunan wanda ya rubuta kowace waƙa, sai na ga lissafin bai fita yadda ake faɗa ba.

Bari mu fara da abun da ake ce wa furog, salon kiɗan tsohuwar Genesis, sabida ba kowa ya san shi ba. Wani reshe ne na kiɗan rok da ya taso a Ingila ƙarshen shekarun 1960, su King Crimson da Yes da Emerson, Lake & Palmer. Mu tsawon waƙa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, mawaƙan fada sukan ja waƙa ta yi rabin awa, amma namu kiɗa ɗaya ne da amshi ɗaya ake ta ɗora baituka a kai. Nasu kuwa kiɗan ne kansa yake ta rikiɗa, a fara a hankali da jita da sarewa, can sai a ɓarke, can kuma a koma wani abu da bai yi kama da na farko ba, wani lokacin babu amshi kwata-kwata, kuma maimakon bugu huɗu-huɗu da ake rawa da shi sai su ƙirga bakwai ko tara. Maganar da ke ciki ma tatsuniyoyin Girka ne da na tsohuwar Ingila da wahayin ƙarshen duniya. Kiɗa ne na a zauna a kasa kunne. Ɗayan kuma da Turawa ke ce wa pop shi ne waƙar yayi, gajeruwa, amshi yana zuwa da wuri, ka ji sau biyu ka haddace.

To abun da masu tuhuma suke tsallakewa shi ne farkon labarin. A 1967 aka kafa Genesis a makarantar kwana ta Charterhouse da ke Surrey, makarantar 'ya'yan masu hali, Peter Gabriel mai rera waƙa da Tony Banks mai kibod da Mike Rutherford da Anthony Phillips masu jita, kuma burin yaran nan lokacin su zama masu rubuta waƙa su sayar wa wasu mawaƙa ne. Furodusansu na farko Jonathan King yana son Bee Gees, da suka ga ya fara ja da baya sai Banks da Gabriel suka zauna takanas suka rubuta masa "The Silent Sun" da salon Bee Gees ɗin don su jawo hankalinsa. Faifansu na farko na 1969, From Genesis to Revelation, gajerun waƙoƙi ne, kuma bai yi kasuwa ba ko kaɗan, 'yan ɗaruruwa aka sayar, wasu shagunan ma cikin faya-fayan addini suka jera shi sabida sunan ya yi kama da na Littafi Mai Tsarki. Wato da waƙar yayi suka fara, ita ce ta ƙi su, sannan suka koma furog.

Daga nan suka koma kamfanin Charisma, suka fitar da Trespass a 1970, Phillips ya bar su a shekarar don tsoron hawa dandamali ya yi masa yawa. Collins ya shigo a 1970 a matsayin mai ganga kawai, shi ba ɗan makarantar masu kuɗi ba ne, ɗan yammacin Landan ne da ya yi wasan kwaikwayo tun yana yaro, kunnensa kuma cike yake da Beatles da Motown. Steve Hackett mai jita ya biyo a farkon 1971. Su biyar ɗin nan su ne Genesis da tsofaffin masoya suke rantsuwa da ita.

Kuma wallahi suna da hujja. Nursery Cryme a 1971, Foxtrot a 1972 wanda a cikinsa "Supper's Ready" take, ita ce mai minti 23 ɗin, kusan gefen faifai guda ta cinye, akwai wani sashe kusa da ƙarshenta da ake ƙirga tara Banks yana ta yawo da ogan a kai Collins yana riƙe da ƙasa, idan ya kai ga warwarewa sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Sai Selling England by the Pound a 1973 da ya kai na 3 a jadawalin faya-fayan da suka fi kasuwa a Ingila, a nan ne Hackett ya yi wannan kukan jita na "Firth of Fifth" wanda ni dai har yau ban ji ya tsufa ba. Gabriel kuma ya zo da nasa, wata rana a Dublin a 1972 kawai aka ga ya fito da jar rigar matarsa da kan yanyawa ba tare da ya shawarci kowa ba, daga nan kayan shiga suka yi ta ƙaruwa, hoton shi ne a jaridu. Amma kuɗi fa babu. Italiya da Beljiyam ne suka fara karɓarsu kafin gida, kuma lokacin da Tony Smith ya zama manajansu a 1973 bashi ne jibge a kansu, ga kayan wuta da na dandamali suna ta cin ɗan abun da ake samu.

The Lamb Lies Down on Broadway na 1974 ne ya raba gari. Faifai biyu ne, labari ɗaya na wani yaro ɗan Puerto Rico a Niyok, Gabriel ya dage shi zai rubuta kalmomin kusan duka, ga shi an haifa masa 'ya cikin wahala yana ta zirga-zirgar asibiti, sauran kuma sun gaji da yadda jama'a suke ɗauka shi kaɗai ne Genesis alhali galibin kiɗan su ne suka yi. Bayan rangadin faifan sai aka sanar da fitar Gabriel a watan Agusta 1975.

A nan ne fa tuhumar take fara tangal-tangal. An ce ɗaruruwan mawaƙa suka nema, Collins ne ma yake koya wa masu zuwa gwaji yadda za su rera, ba a samu wanda ya dace ba sai shi ya gwada waƙar "Squonk" aka ga ashe abun nema yana gida. Da a ce shi ne mai ƙulla makircin waƙar yayi ai daga nan za a gani, amma A Trick of the Tail da Wind & Wuthering, duka na 1976, furog ne tsantsa, akwai "One for the Vine" ta Banks mai minti 10, akwai kiɗa zalla babu murya, kuma Collins ɗin a lokacin idan ya samu hutu Brand X yake tafiya, ƙungiyar jaz mai wuyar kiɗa fiye da Genesis ɗin ma. Waƙar soyayya mai laushi da ke cikin Wind & Wuthering, "Your Own Special Way", ta Rutherford ce.

Ni a wajena ranar da abun ya juya ita ce ranar da Hackett ya tafi a 1977, kuma ba a cika ba wa wannan muhimmancin da ya kamata ba. Mutumin ya riga ya fitar da faifansa shi kaɗai a 1975 ya ɗanɗana 'yanci, ya dawo yana so a ba shi fili, aka bar wani kiɗansa "Please Don't Touch" aka saka "Wot Gorilla?" a madadinsa, yana ganin kullum na Banks ne yake rinjaye, sai ana cikin haɗa faifan Seconds Out ya ce ya gama. Hackett ba mai yawan surutu ba ne kuma jitarsa ba ta ihu, tana shigowa ne kamar hazo ta lulluɓe kibod ɗin Banks har ka kasa gane wane ne wane, ga jita mai tsirkiya 12 da shi da Rutherford da Banks suke saƙawa tare tun zamanin Phillips. Da ya fita ba su ɗauki kowa a situdiyo ba, Rutherford mai jitar bes ya haɗa da aikin Hackett, shi kuma gwaninsa gajeren kiɗa ne mai maimaituwa wanda ake ɗora waƙa a kai, ba dogon kuka ba. Ka cire mai dogon kuka ka bar mai gajeren kiɗa, ai ko ba wanda ya yi niyya waƙa za ta gajarce.

Faifan 1978 sunansa ma ya faɗi halin da suke ciki, ...And Then There Were Three..., saura uku. Da gangan suka rage tsawon waƙoƙi, mafi tsawo minti bakwai ce. A ƙarshensa akwai "Follow You Follow Me" wadda ta kai na 7 a Ingila ta kai na 23 a Amurka, ita ce ta buɗe musu ƙofar rediyo, kuma Rutherford ne ya rubuta kalmominta. Duk faifan babu waƙa ko ɗaya da Collins ya rubuta shi kaɗai. Su da kansu sun sha faɗa cewa daga wannan waƙar ne suka fara ganin mata a wajen wasansu, da can samari ne zalla masu dogon gashi. Kar kuma a manta da zamanin, 1976 da 1977 'yan salon kiɗan punk sun taso a Ingila da waƙoƙin minti biyu suna zagin irin su Genesis da tsofaffin ƙattai, jaridun kiɗa sun juya musu baya, ita kuma Amurka da take da kuɗin ba ka shigarta sai ta rediyo, rediyo kuwa ba mai saka maka minti 23. Ba su kaɗai ba ne, Yes ma da gajeruwar waƙarta ta 1983 ta kai na 1 a Amurka a farkon 1984.

Sai 1979 Collins ya fara rubutu da gaske, kuma dalilin abun tausayi ne. Aurensa ya shiga matsala sabida yawan rangadi, matar ta kwashe yara ta koma Vancouver a Kanada, ya bi ta bai yi nasara ba, ya dawo gidansa a Surrey shi kaɗai da fiyano da wata na'urar ganga ta Roland, yana ta zuba abun da ke ransa ba tatsuniya ba Girka. Biyu daga ciki suka shiga Duke na 1980, "Misunderstanding" da "Please Don't Ask", sauran suka zama faifansa Face Value na 1981. Har yau akwai saɓani kan "In the Air Tonight", shi yana cewa ya kunna musu ba su ɗauka ba, Banks yana cewa bai taɓa jin ta ba a lokacin.

Duke shi ne faifan da nake ba wa duk mai son ya fahimci sauyin, sabida ƙafa ɗaya tana can ɗaya tana nan. Asali sun haɗa wani dogon kiɗa na kusan rabin awa, sai suka ce kar a ce sun maimaita "Supper's Ready", suka yanyanka shi suka watsa cikin faifan. "Turn It On Again" guntu ce daga ciki, rediyo ta karɓe ta hannu biyu-biyu, amma ka zauna ka ƙirga bugunta za ka samu 13, shi ya sa masu tafi a filin wasa suke ɓacewa a tsakiya. Duke ne faifansu na farko da ya kai na 1 a Ingila.

Akwai kuma maganar sauti, wadda a ganina ta fi maganar tsawon waƙa tasiri a kunne. Wannan ƙarar ganga mai fashewa ta yanke ɗif da ta cika shekarun 1980, a situdiyon Townhouse na Landan aka gano ta, injiniya Hugh Padgham ne a kan na'ura Collins yana buga ganga, kuma aikin faifan wa ake yi? Na Peter Gabriel, na ukunsa da ya fito a 1980, waƙar "Intruder", shi Gabriel ɗin ne ma ya hana a buga farantin ƙarfe na jikin ganga ko ɗaya a faifan. Wato sautin da tsofaffin masoya suka fi tsana a sabuwar Genesis a ɗakin gwarzonsu aka haife shi. Collins ya tafi da Padgham Face Value, daga nan ya kawo shi Genesis.

Abacab na 1981 a nan suka yanke igiya da saninsu. Sun sayi wata gona a Surrey sun mayar da ita situdiyonsu, ba mai ƙirga musu awa, suka rabu da David Hentschel da yake musu furodusa tun 1976, kuma duk abun da suka yi suka ji ya yi kama da tsohuwar Genesis sai su zubar. Aka kawo masu busa na Earth, Wind & Fire a "No Reply at All", wannan kam hannun Collins ne ba musu. A Leiden ta Holan a rangadin shekarar sai da jama'a suka yi musu ihun ba ma so. A shekarar ce kuma MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, aka shiga zamanin da waƙa sai da hoto, Collins kuwa tsohon ɗan wasan kwaikwayo ne, kyamara ba ta ba shi tsoro, su Banks da Rutherford sai dai su tsaya a gefe.

Wani abu da ya faru a 1982 yana burge ni. Gabriel ya shirya bikin WOMAD na farko, ya kawo makaɗa daga ƙasashe daban-daban har da masu gangar Burundi, aka tafka asara bashi ya hau kansa. Su ukun nan da ake cewa sun zama 'yan kasuwa suka ce ya zo a yi wasa ɗaya a biya, ranar 2 ga Oktoba a Milton Keynes cikin ruwan sama, Hackett ma ya iso a ƙarshe ya hau. Sunan da suka yi da gajerun waƙoƙin yana cikin abun da ya cika filin.

Daga faifan 1983 salon aikinsu ya canza gaba ɗaya, ba mai zuwa da waƙa daga gida, su uku za su shiga ɗaki a kunna na'urar ganga kowa ya yi ta lalube, Collins yana rera duk abun da ya zo bakinsa, a naɗa, a zaɓi inda ya yi daɗi, shi ya sa duk waƙoƙin sunan su uku ne a kai. Haka aka yi Invisible Touch na 1986, waƙoƙi biyar daga ciki suka shiga biyar ɗin farko a Amurka, mai sunan faifan ta kai na 1 a watan Yuli, daga wani ɗan kiɗan jitar Rutherford ta samo asali, kuma wadda ta sauke ta bayan mako ɗaya ita ce "Sledgehammer" ta Peter Gabriel. A shekarar Hackett ma yana jadawalin Amurka da ƙungiyarsa GTR. Kowa a cikin biyar ɗin nan da ya samu hanyar rediyo ya bi ta. Cinikin Invisible Touch ya haura kwafi miliyan 6 a Amurka kaɗai, suka rufe rangadin da dare huɗu a filin Wembley a Yuli 1987.

Duk da haka ba zan ce ba a yi asara ba, an yi, kuma tana min ciwo. Tsohuwar Genesis tana da shiru a cikinta, tana iya yin ƙasa ƙasa har sai ka matso kusa da rediyo kafin ta tashi, ta 1986 kuwa komai a sama yake, ganga ta lantarki, kibod mai ƙyalli irin wanda kowa yake amfani da shi a shekarar, shi ya sa idan ka saka faifan 1973 ba ka iya cewa ga shekararsa amma na 1986 daƙiƙa biyar ta isa. "Tonight, Tonight, Tonight" kusan minti tara ce a faifai, waƙa ce mai duhu, aka datse ta rabi don rediyo sannan aka ba kamfanin giya na Michelob ya yi talla da ita, wannan kam ban ga yadda zan kare shi ba. Amma a faifan nan dai akwai "Domino" mai sama da minti 10 da Banks ya rubuta kalmominta, a na 1983 akwai "Home by the Sea" da rabinta kiɗa ne zalla, a We Can't Dance na 1991 akwai "Driving the Last Spike" mai minti 10 kan leburorin da suka gina layin dogo na Ingila, kuma kalmominta na Collins ne.

Kason Collins a ciki yana nan, ba zan share shi ba. Muryarsa da fuskarsa ne suka sayar da kayan, kuma tsakiyar shekarun 1980 ya yi yawa a ko'ina, ranar wasan tara agaji na Live Aid, 13 ga Yuli 1985, ya yi wasa a Landan ya hau jirgin sama na Concorde ya sake yi a Filadalfiya, faifansa na fita na Genesis na biyowa har mai saurare ya daina bambance su. An ga nauyinsa da ya fita a 1996, Banks da Rutherford suka ɗauko Ray Wilson suka yi Calling All Stations a 1997, ya kai na 2 a Ingila amma a Amurka ko 50 ɗin farko bai shiga ba, aka soke rangadin can sabida tikiti bai sayu ba. Sai dai faifan nan da babu Collins a ciki bai koma 1973 ba shi ma, su biyun da suka kafa ƙungiyar tun makaranta sun samu dama ba su koma ba.

Bayan rangadin 1992 da za su fitar da faifan wasan sai suka raba shi biyu, ɗaya The Shorts ɗaya The Longs, gajeru daban dogaye daban, kamar sun san jama'a biyu suke da su a fili ɗaya, wasu suna fita shan iska idan aka fara dogayen wasu kuma dogayen suka zo ji. Wasansu na ƙarshe ranar 26 ga Maris 2022 ne a O2 Arena ta Landan, Collins a zaune kan kujera don ciwon baya da jijiya sun hana shi riƙe sandar ganga, ɗansa Nic ne yake bugawa a bayansa, Gabriel yana cikin 'yan kallo bai hau ba. Waƙar da suka rufe da ita "The Carpet Crawlers" ce, ta 1974.